Akori-kura Ta Bar Gona, Ta Koma Gidan Manya

  Ina gaida mutanen Durba, da na Kibiya, da na Rano, da duk ƙauyen da muryata ke kaiwa. Ina gaida direbobin da ke tasha suna jiran lodi. Ina gaida iyayenmu mata da suka ajiye rediyo kusa da murhu. Sannunku da aiki.

Yau zancen mota za mu yi, kuma akori-kura nake nufi. Motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ita ta kai takinmu gona, ita ta kwaso masararmu. Ita ta ɗauki gadon amarya da kwallayenta. Sau nawa aka shimfiɗa katifa a bayanta, aka kai mai naƙuda asibitin Rano da tsakar dare? Babu gidan da ba ta yi wa rana ba.

Maganata guda ɗaya ce, kuma za ku ji ina ta maimaita ta. Ɗorin da dillali ya yi wa motar mai kuɗi a birni, a kan buhun manomi yake sauka.

Bari in fara da abin da idona ya gani.

Da kakar bara, baffana ya ce in raka shi Kano. Ya sayar da bijimansa biyu na huɗa. Ya sayar da masara. Ya haɗa da kwasar adashe. Burinsa tsohuwar akori-kura, ko ta hannu ce, in dai inji na da rai. Ya gaji da roƙon direbobi ranar kasuwa. Muka bi ta Rano da Bunkure, hantsi na yi muna cikin gari.

Muka shiga wani wurin sayar da motoci. Samari na zaune a inuwar darbejiya, kowa da tarin mukullai a hannu. Can gaba, a kan wani dakali, an ɗora wata akori-kura baƙa wuluk. Tayoyinta sun kai min ƙugu. Kujerunta ko leda ba a cire ba. Baffa ya matsa ya shafa gefenta, kamar yadda yake shafa sa a kara. Sai ya leƙa bodin. Ya ga ɗan guntu ne, domin ɗakin zama ya cinye rabin motar.

Ya ce, "Yaro, wannan buhu nawa take ɗauka?"

Yaron ya yi dariya. Ya ce, "Baba, ai wannan ba a ɗora mata buhu. Uku suka shigo ƙasar nan, biyu sun tafi. Wannan ma wani Alhaji ya yi magana."

Baffa bai ce komai ba. Muka zagaya baya, inda tsofaffin suke. Ga wadda aka kwatanta mana a waya. Fenti ya koɗe, ƙofar bodi da waya aka ɗaure ta. Amma kuɗin da muka ji a waya daban, wanda muka tarar daban. Muka tambayi dalili. Aka ce dala ta tashi. Baffa ya ce, "Motar da ta girmi ɗan autana, yaushe rabonta da ganin dala?" Muka ce a kira mai ita. Aka ce ya yi tafiya. Daga baya muka gane mutum huɗu ne tsakaninmu da shi, kowanne ya ɗora nasa. Da la'asar muka hau motar haya muka juyo, kuɗin Baffa na nan cikin aljihun 'yar ciki.

To, mu ajiye Baffa tukuna. Mu haye teku, domin a can wannan salo ya fi bayyana.

A Amurka, akori-kura motar manomi ce da magini tun asali, kamar dai a nan. Sai kamfanoni suka lura da wani abu. Masu kuɗi na son siffarta, amma ba sa son aikinta. Sai aka shiga ƙera musu tasu. Wajen 2010 kamfanin Ford ya fito da wadda ya kira Raptor, mai gudun tsiya a cikin rairayi. Bayan shekara goma kamfanin Ram ya mayar da martani da TRX, mai ƙarfin doki 702. Ford ya sake fitowa da Raptor R, ita ma ƙarfin doki 700. Ku kwatanta, jama'a. Ku tara dawakin hawan salla, ku cusa ƙarfinsu a cikin inji ɗaya. Kuma yawancin masu ita, daga gida sai ofis.

Ga inda dabarar take. Ba a ƙera su da yawa. Da gangan. Kamfani ya raba wa dillalai 'yan kaɗan-kaɗan, wani ya samu biyu, wani ɗaya, wani babu. Da Ram ya ce zai daina yin TRX a ƙarshen 2023, sai ya sanar da fitowa ta bankwana, guda 4,000 kacal. Kowa ya ji an ce ta ƙarshe ce, sai hankali ya tashi. Aka yi ta rububi. A 2025 kuma shugabannin kamfanin suka ce motar za ta dawo. Ashe bankwanan na ɗan lokaci ne.

Yaya dillalan suke yi? A Amurka, tun 1958 doka ta sa a liƙa takardar farashin kamfani a gilashin sabuwar mota. Sai dillali ya kawo tasa takardar ya liƙa a gefe. Ya rubuta wai gyaran farashi ne don ya dace da kasuwa. Motar da kuɗinta ya riga ya haura dala dubu 100, sai a ɗora mata wasu dubun-dubatan. Ba a ƙara mata taya ba. Ba a ƙara mata fitila ba. Kuɗin ka-riga-kowa ne kawai.

Lokacin korona abin ya ƙazanta. 'Yan mitsi-mitsin na'urorin da ke zama ƙwaƙwalwar mota suka yi ƙaranci a duniya. Masana'antu suka rage aiki. Ɗorin da a da sai motar 'yan gayu, sai ya watsu har kan motar magini. Sabuwa ta yi wuya, sai tsohuwa ta yi daraja. A farkon 2022 har Ford ya rubuta wa dillalansa gargaɗi, cewa wanda ya ci gaba da tsawwalawa za a rage masa kaso. Shugaban kamfanin, Jim Farley, ya ce kusan ɗaya cikin goma na dillalansu na sayarwa sama da farashi. Me ya hana kamfani ya sayar da kansa? A jihohi da yawa na Amurka doka ta ce sabuwar mota sai ta hannun dillali. Shi kuma dillali, da zarar mota ta zama tasa, bakinsa ne farashi.

A Japan ma, cikin shekarar 2022, Toyota ya ba masu son sabuwar Land Cruiser haƙuri, ya ce jira zai iya kai shekara huɗu. Shekara huɗu! Yaron da aka haifa ranar da ka biya, sai ya shiga makarantar allo kafin ka riƙe mukulli.

Wani zai ce, Malam, mu da ke Durba ina ruwanmu da wasan masu kuɗin Amurka? Ku ɗan yi haƙuri. Yanzu za mu dawo gida.

Dattawanmu sun san Fijo. A Kaduna aka riƙa harhaɗa ta tun 1975. Akori-kura 404, daga baya 504. Ita ce jakar ƙasar Hausa. A ƙara mata ƙarfe a baya, a yi mata lodin da ya fi tsayinta, yaron mota ya maƙale a sama, ta kama hanya tana nishi amma tana tafiya. Kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta. Kayan gyaranta kuwa, Ƙofar Ruwa ba ta taɓa cewa babu ba.

Amma kada mu yi wa jiya ado fiye da kima. Ko a wancan zamanin an yi ɗori. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta sa motoci cikin kayan da gwamnati ke yanka wa kuɗi. Sai ya zama akwai farashin takarda, akwai na bayan fage. A shekarun 1980, da kuɗin ƙasar waje suka yi wuya, takardar izinin shigo da kaya ita kanta ta zama haja. Wanda ya san manya ya samu kaso. Ya sayar da takardar bai ko ga motar ba. Dattawan da suka yi layi a lokacin suna nan da rai, ku tambaye su. Duk inda aka ce kaya kaɗan ne kuma ta hannun wane za a samu, to ɗori ya samu wurin zama.

Yau Fijo ta tsufa. Wadda ta gaje ta ita ce Hilux. Tun 1968 Toyota ke yin ta, kuma ta yi suna wajen jimiri. A 1987 sojojin Chadi da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya suka kori tankokin Libiya, har ake kiran faɗan yaƙin Toyota. A tseren hamada na Dakar ma ta sha lashe gasa. Mota ce ta gaske, ba na musu.

Sai dai ku tsaya a bakin titi ku ƙirga. Sabuwar Hilux nawa ce za ta wuce da buhu a bayanta? Ta jami'an tsaro ce. Ta rakiyar manya ce, mai jiniya. Ta ɗan kwangila ce. Ta ƙungiyoyin agaji ce. Ta ɗan takara ce, an lulluɓe ta da hotuna. Waɗannan masu saye ba sa tayi irin na Baffa. Ma'aikata za ta ce a kawo hamsin, a biya daga baitulmali. Zaɓe ya matso, kowane ɗan siyasa na neman ayari. Sai a kwashe na kasuwa. Abin da ya rage, dillali ya ɗora shi a kan dakali, ya ce uku suka shigo. Mai son wadda aka yi wa ado, mai manyan tayoyi da baƙin gilashi, ya biya ko nawa ne, don a san ya isa.

Nan ne igiyar ta fara jawo mu. Ku bi ni a hankali.

Sabuwa ta yi tsada. Wanda a da yake sayen sabuwa, sai ya sauko kan Beljiyam, wato tsohuwar da aka shigo da ita daga waje. Beljiyam ta tashi. Mai sayen Beljiyam ya sauko kan ta hannu. Ta hannu ta tashi. Shi kuwa manomi, da direban da ke jigila tsakanin Kibiya da Dawanau, su ne a ƙarshen layi. Babu inda za su sauko. Sai dai su ci gaba da lallaɓa gwangwanin da ke hannunsu, yau walda, gobe kuloci. Motocin lodi suka ragu a hanyarmu. Ranar kasuwa buhu ya fi mota yawa. Direba ya ƙara kuɗin buhu, kuma ba laifinsa ba ne, shi ma bashi yake biya. Mai sayen hatsi ya zo bakin gona, ya san ba ka da abin ɗauka, ya taya yadda ya ga dama. Mai tumatir da barkono ya fi kowa shiga uku, domin kayan gwari ba sa jiran mota.

Kun ga abin da na ce tun farko. Ɗorin da aka yi wa motar mai kuɗi a birni, a kan buhun manomi yake sauka.

Yanzu kuma mu yi wa dillalai adalci, domin su ma 'yan'uwanmu ne, kuma da yawansu na sauraro.

Tsadar nan ba duka suka ƙirƙire ta ba. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da aka saba ta toshe. A 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya fiye da shekara. Sai babbar, a watan Yunin 2023, da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, cikin 'yan watanni ta doshi 1,500. Kuɗin fito a kwastan kuma da dala ake auna shi, ta tashi ya tashi. Mutumin da ya sayar da mota yau a tsohon farashi, gobe kuɗin ba za su sayo masa wata ba. Na san masu sayar da motocin da jarinsu ya narke haka, suna ji suna gani. Saboda haka in dillali ya ce dala ta tashi, ba kullum ƙarya yake ba.

Tambayata ita ce, in dala ta sauko fa? Mun ga lokutan da ta ɗan ja da baya. Wa ya ji an kira shi an ce, Alhaji, motar nan ta ragu?

Dillanci sana'a ce mai asali a ƙasar Hausa. Je ka kara ka gani. Dillali ya haɗa mai sa da mai saye. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Sannan a ba shi la'ada. Kowa ya san la'ada. A gaban mutane ake bayar da ita, kuma halas ce, gumin bakinsa ne da amanarsa. In dabba ta fito ta sata ce, shi za a nema. Wannan shi ne dillali.

Ɗori wani abu ne daban. Mai mota ya ce kaza yake so. Na farko ya ƙara nasa bai faɗa masa ba. Na biyu ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp, ya ƙara nasa. Na uku bai taɓa ganin motar ba, shi ma ya ƙara. Mai saye bai san kuɗin mai kaya ba. Mai kaya bai san abin da aka biya ba. Shi ya sa ba a so su haɗu. Shi ya sa kullum mai mota ya yi tafiya. Ko dillalin Amurka, da duk haɗamarsa, a gilashi yake rubuta nasa ɗorin, kowa ya karanta. Namu a baki yake, yana canzawa da irin rigar da ka sa.

Sai kuma zancen wani Alhaji ya yi magana. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma babu wani Alhaji. Malamanmu sun daɗe da karantar da mu hukuncin wannan. Mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai a zuga na kusa da shi, shari'a ta hana, sunansa najashi. Haka ɓoye kaya don a ƙirƙiri ƙaranci. Kun tuna a watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jihar Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Kowa ya yi ta magana, domin ciki ne. Mota ba a cin ta, shi ya sa ba a ɗaga murya. Amma abincin da ƙafa yake zuwa Dawanau?

Ba ina cewa gwamnati ta yanka wa mota farashi ba. An gwada a 1977, kun ji yadda ta kaya. Ba kuma ina jin haushin mai kuɗi don ya hau abin da ransa ke so ba. Kuɗinsa ne, Allah ya sa ya hau lafiya. Abin da ke damuna shi ne babu mai ƙera wa manomi tasa. Motar da ake bukata a Durba ba ta da wuyar kwatance. Kujera ɗaya a gaba, dogon bodi, sifirin mai ƙarfi, injin da bakanike zai buɗe ya gane. Ba ruwanta da kujerar fata.

Kuma ga abin da ya kamata mutanen Kano su sani. A 2022 wata sabuwar masana'antar Fijo ta fara harhaɗa motoci a Kaduna, a kan hanyar Abuja. Dangote na ciki, kuma gwamnatocin Kano da Kaduna na cikin masu hannun jari. Cikin abin da take harhaɗawa har da akori-kura mai suna Landtrek. To, tunda da kuɗin jiharmu a ciki, muna da bakin tambaya. Wakilanmu na Rano da Kibiya su tambaya mana. Me zai hana a yi tsarin da ƙungiyar manoma ko ta direbobi za ta karɓa kai tsaye daga masana'anta, ta riƙa biya kaka-kaka? In ana iya sayen ayari don rakiya, ana iya tsaya wa manoma ashirin su mallaki ɗaya. Sai dai a yi hattara. In aka mayar da ita kaso ta hannun wane, kafin ta iso Kwanar Ɗangora an ɗora mata.

Kafin nan, ga 'yar shawarata ga duk mai shirin shiga Kano da kuɗin kaka.

Kada ka tafi kai kaɗai, tafi da bakaniken da ka yarda da shi. Kada ka tura kuɗin kafin alƙalami a kan hoton waya. Ka ga takardar kwastan da idonka, don kada a tsare ka a hanya ka yi biyu babu. Sannan ka yi tambayar da ake yi a kara. Nawa ne kuɗin mai mota, nawa ne la'ada? Ka ce a haɗa ka da shi, ko a waya ne. Dillalin kirki ba zai ji haushi ba, ya san haƙƙinsa na nan. In aka ce maka saura ita kaɗai, wani na hanya da kuɗi, ka ce Allah ya sa rabonsa ce, ka taka zuwa gaba. A Amurka, da na'urorin nan suka wadata, motoci suka dawo kasuwa, waɗanda suka biya ɗori su suka kwana ciki. Ranar da suka zo sayarwa babu wanda ya mayar musu da ko sisi na kuɗin gaggawar.

Ku kuma 'yan'uwana dillalai, ku faɗi la'adarku a fili. Ko ta yi yawa, a yi ciniki a kanta. Mutumin da ke tsaye a gabanka da kuɗi a 'yar ciki, shanun huɗarsa ne ya kawo maka.

Baffa kuwa, da ya dawo, ya mayar da kuɗinsa kara. Bijiman da ya samu ba su kai waɗanda ya sayar ba, domin su ma sun tashi. Ya gyara tsohon amalankensa, ya canza masa taya. Jiya na gan shi a hanyar gona, jikansa na riƙe da igiya. Na san yanzu yana jin mu, rediyon na rataye a wuyansa. Baffa, ina gaisuwa.

Masu sauraro, wanda ya taɓa shiga irin wannan ciniki, ko direba ne ko dillali, ya aiko mana da yadda ta kasance, za mu karanta a shiri na gaba. Direbobin da za su kama hanyar Dawanau da asuba, a rage lodi, a duba birki. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Sai mun sake haɗuwa. Assalamu alaikum.